Darasin Wannan Wata: Yawan Tunani, da Yadda Ƙungiya Za Ta Taimaki Mai Shi

'Yan'uwa manoma, a darussan ƙungiya an saba yin magana a kan iri, da taki, da ajiyar hatsi, da allurar dabbobi. Wannan karo za mu bar gona mu dubi mai gonar. Gama akwai wani ciwo da ke cin manomi kamar yadda ƙwari ke cin wake a buhu: daga waje buhu yana nan cike, ciki kuwa ya zama gari. Ciwon nan ba shi da suna ɗaya. Wani ya ce damuwa, wani ya ce yawan tunani, wani ya ce zuciyarsa ce ba ta kwance. Mafi yawa ba sa kiransa da kome. Sai su ce kai ne ke ciwo, ko jiki ne ya mutu, su sayi ƙwaya a kasuwa su haɗiye.

Mun san lokacinsa. Watan Yuli da Agusta ne, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare a rumbu, sabo kuwa bai nuna ba. Yakan dawo kuma da kaka, ranar da aka auna abin da gona ta bayar aka ga bai kai abin da ake bin mutum ba. Mai gida ya kwanta, kowa ya yi barci, shi kuwa idonsa biyu yana lissafi har zakara ya yi cara. Da safe a gaishe shi, ya ce lafiya lau.

Ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Dattawa suna tuna farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta murƙushe gyaɗa a 1975, da bushiyar da ta kashe shanu a 1983. Na baya kuwa sun ga tsutsar masara da ta ɓullo a 2016, da ambaliyar 2022, da tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023. A wurare da yawa kuma mutum yana da gona a daji amma tsoro ya hana shi zuwa. Saboda haka kada kowa ya ce mai damuwa ba shi da dalili. Dalili yana nan. Abin da muke so mu koya shi ne yadda za a hana damuwar ta cinye ƙarfin da mutum zai yi maganin dalilin da shi.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

A ce kana cikin noma, ka ɗaga fartanya, sai ga kububuwa a gindin dawa. Kafin ka yi tunani ka riga ka yi tsalle. Zuciya tana bugawa, numfashi ya yi sama, bakinka ya bushe, zufa ta keto. Wani masanin jiki a Amurka, Walter Cannon, ya bayyana wannan tun 1915: jiki yana shirin faɗa ko gudu ne. A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka ƙarama. Da ƙwaƙwalwa ta ga haɗari, sai tsokar nan ta zuba wani ruwa cikin jini wanda likitoci ke kira adirinalin, daga baya kuma wani da ake kira kotisol. Su ne ke sa zuciya ta yi sauri, sukari ya ƙaru a jini, jini ya tafi ga hannu da ƙafa, narkewar abinci kuwa ta dakata. Wannan abu ne mai kyau, shi ke ceton rai. Da maciji ya wuce, ko an kashe shi, jiki ya koma daidai, har ma ka yi dariya ka ba da labari.

Amma bashi maciji ne da ba ya wucewa. Yana nan da safe, yana nan da dare, jiki kuwa ba ya bambanta maciji na gaske da wanda ke cikin tunani. A 1936 wani likita mai suna Hans Selye, a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, ya gwada ɓeraye da wahala iri iri: waɗansu sanyi, waɗansu gajiya, waɗansu allura. Ko da wahalar ta bambanta, ɓarnar da ya gani a jikinsu iri ɗaya ce. Tsokar nan ta bisa ƙoda ta kumbura, sassan da ke tsare jiki daga cuta sun ƙanƙance, ciki kuma ya yi gyambo. Ya gane jiki yakan jure na ɗan lokaci, sa'an nan ya gaji. Duk wanda ya taɓa barin injin ban ruwa yana aiki dare da rana babu hutu ya san abin da ake nufi.

Alamun kuwa mun san su, ko da ba mu haɗa su wuri ɗaya ba: rashin barci, ciwon kai da na wuya, faɗuwar gaba, rashin son abinci, mantuwa, da saurin fushi. Mutumin da a da yake wasa da 'ya'yansa, yanzu ƙaramin motsi sai tsawa. Matar da ta saba jagorar waƙa a zumunta ta koma benci na baya, daga nan ta daina zuwa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma sau da yawa a gona ake fara gani: ciyawa ta rufe gonar wanda kowa ya san ba rago ba ne.

Bari mu tsaya kaɗan a kan abu biyu. Mutane sukan ce tunani ne ke kawo gyambon ciki. Damuwa tana ƙara masa zafi, gaskiya ne, amma tun 1982 likitoci biyu a Ostareliya suka gano cewa wata ƙwayar cuta ce ke kawo mafi yawansa, akwai kuwa maganinta a asibiti. Haka nan hawan jini. Damuwa tana ɗaga shi, amma ba a sanin sa da ji a jiki, sai da awo. In awo ya riƙa nuna 140 bisa 90 ko fiye, ba sau ɗaya ba, to, sai magani. Kada darasin nan ya sa wani ya zauna a gida da ciwon da likita zai warkar yana cewa tunani ne kawai.

Maganin da ba magani ba

Akwai hanyoyin da mutane ke bi domin su sami sauƙi, waɗanda ke ƙara nauyi. Burukutu da ogogoro sukan kawo barci da farko, amma barci ne mara daɗi, mutum ya farka tsakar dare, ga bashi yana nan, ga kuɗin cefane ya tafi. Samari da yawa sun fara shan tiramol domin su jure aikin ƙwadago, yanzu ba sa iya ɗaga garma sai da shi. A 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi saboda irin wannan ɓarna. Ƙwayar barci kamar Valium tana da amfaninta a hannun likita na 'yan kwanaki, amma wanda ya saba saye a kemis, jikinsa zai kama ta, bari kuwa ya yi wuya.

Akwai kuma wanda ya fi waɗannan yawa, ba a kuwa sayensa da kuɗi. Shi ne shiru. An koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, namiji kuma ba ya kuka. Riƙe asiri abu ne mai kyau, ba mu ce a bar shi ba. Amma riƙe asirin wani dabam ne, haɗiye ciwon kai har ya kashe mutum kuma dabam.

Kakanni a kan benci

Yanzu bari mu tafi ƙasar Zimbabuwe. A 2005 likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar duka ba su kai 20 ba. Ɗaya daga cikinsu, Dixon Chibanda, yana aiki a Harare babban birni. Wata yarinya da yake yi wa magani, wadda gidansu ke nesa ƙwarai, ta kashe kanta a shekarar nan. Da ya tambayi uwar dalilin da ba su dawo asibiti ba, ta ce ba su da kuɗin mota. Wannan magana ta tsaya masa a rai. Ya ga in dai sai mutane sun zo wurinsa, to, mafi yawa ba za su taɓa zuwa ba.

Babu kuɗin gina asibiti, babu likitoci. Abin da ya samu shi ne tsofaffin mata 14 waɗanda dā ma suke aikin lafiya a unguwar Mbare. A 2006 aka fara: aka kafa benci na katako a harabar ƙaramin asibiti, kaka ta zauna, mai damuwa ya zo ya zauna kusa da ita. Da Turanci ana kiran aikin Friendship Bench, watau bencin zumunci. Tsofaffin nan suka ƙi manyan kalmomin likita. Suka ce a yi magana da harshen Shona, inda ake kiran ciwon kufungisisa, ma'anarsa kuwa yawan tunani, daidai da yadda mu ma muke faɗa. Aikin kaka shi ne ta saurara har mutum ya buɗe zuciyarsa, ta taimake shi ya zaɓi matsala ɗaya, su nemi hanya tare, ya tafi ya gwada, ya dawo mako mai zuwa. Zama 6 ake yi. Bayan haka akwai ƙungiya inda waɗanda suka gama ke haɗuwa suna hira, suna saƙa jaka da tsohuwar leda domin sayarwa.

Ba a tsaya ga yabon baki ba, an gwada. A ƙananan asibitoci 24 na Harare aka ɗauki mutum 573, aka raba su kashi biyu. Rabi suka zauna a benci, rabi suka sami kulawar da aka saba da ɗan ƙarin bayani. Bayan wata 6 aka duba. A cikin waɗanda suka zauna a benci, kamar mutum 14 cikin 100 ne ke da sauran alamun baƙin ciki mai nauyi. A ɗaya rabin kuwa, kamar 50 cikin 100. An buga sakamakon a ƙarshen 2016. Sai dai mu lura: a birni aka yi, mafi yawansu mata ne, kakannin kuma an yi musu horo, akwai na gaba da su masu duba aikinsu, akwai kuma asibitin da za su tura wanda ciwonsa ya fi ƙarfinsu. Benci kaɗai ba ya warkar da kowa.

Mu ma a nan muna da abin tunawa. A 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda masu ciwon ƙwaƙwalwa ke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, maimakon a kulle su. Ya gane tun lokacin cewa mutum ya fi saurin warkewa a cikin mutane.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai kama da na benci, wanda aka gwada a Pakistan da Kenya: zama 5, sau ɗaya a mako, a hannun mutumin da ba likita ba amma an koya masa. Abu huɗu ne a ciki, su ne kwantar da jiki da numfashi, warware matsala, komawa ga aiki da mutane, da neman masu tallafawa. Za mu bi su, amma ba daidai wa daida ba, gama na biyu ya fi bukatar bayani.

Numfashi

Mun san waɗansu za su yi dariya. Wa zai koya wa babban mutum numfashi? Amma mai damuwa yakan yi numfashi gajere da sauri daga ƙirji, wannan kuwa yana gaya wa jiki cewa maciji yana nan. Babban mutum a zaune yakan ja numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. In ya rage da gangan, musamman in ya ja fitarwar, zuciya takan rage gudu.

Zauna, ka saki kafaɗa. Sa hannu ɗaya a ciki. Ja iska ta hanci kana ƙirga 3 a zuciya, har cikin ya ɗaga hannun. Fitar a hankali ta baki kana ƙirga 4 ko 5, kamar mai hura koko mai zafi. Yi haka minti 2 zuwa 5, da safe da kuma kafin kwanciya. In ka ji jiri, kana ja da ƙarfi ne, sassauta. A koya tun ana cikin kwanciyar rai, gama ba ranar farauta ake kiwon kare ba. Numfashi ba ya biyan bashi. Abin da yake yi shi ne ya sauke tukunya daga wuta domin a iya taɓa ta.

Warware matsala da tsakuwa

Tunanin mai damuwa kamar akuya ce a turke. Tana zagayawa wuni guda, ta gaji, ta yi hanya a ƙasa, ba ta je ko'ina ba. Aikin mai sauraro shi ne ya kwance igiyar.

A ce wani ɗan ƙungiya ya zo wurin dattijo ya ce, "Baba, kome ya lalace." Babu wanda zai iya gyara kome. Sai dattijo ya ce, "To, ɗana, faɗa mini ɗaya ɗaya, ina ji." Ba lalle sai da takarda ba. Duk damuwar da ya ambata, a ajiye tsakuwa ɗaya a ƙasa. Ga bashin taki buhu 4 na ƙungiya. Ga kuɗin makarantar yara. Ga tsohuwarsa ba lafiya. Ga ruwa ya ɗauke masara tana fitar da gemu. Ga shi da mai ɗakinsa ba sa magana sai faɗa. Tsakuwa 5 ke nan. Sau da yawa ganinsu a ƙasa kaɗai yakan rage nauyi, gama abin da yake ji kamar dutse ya rufe shi, ga shi ana ƙirgawa da yatsun hannu ɗaya.

Sa'an nan a raba su. Wace ce ke hannunsa, wace ce ba ta hannunsa? Ruwan sama ba ya hannunsa, sai a tura wannan tsakuwa gefe. Ba a ce ba ta da zafi ba, amma tunanin dare bai taɓa haɗa hadari ba. Cikin sauran 4 sai ya zaɓi ɗaya. Shi zai zaɓa, ba dattijo ba. Ba kuma lalle ta zama mafi girma ba, gara wadda za a iya motsawa a makon nan.

A ce ya ɗauki bashin taki. Yanzu a mai da shi magana ƙarama mai kai da gindi: "Ana bina taki buhu 4, ranar biya ƙarshen Disamba, masarar da nake sa rai kuwa ba za ta biya fiye da rabi ba." Dattijo ya tambaya, "Wace hanya ka gani?" Ya bar shi ya faɗi duk abin da ya zo masa, har da na wauta, ba a hana ko ɗaya tukuna. Ya sayar da akuya. Ya gudu birni cin rani kada a gan shi. Ya karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa a kan waken da bai nuna ba. Ya roƙi kwamiti a raba masa biya biyu. Ya nemi ɗan fili a fadama ya yi albasa da rani. Ya tambayi ƙanensa da ke aiki a gari.

Bayan an tara, sai a auna kowace: me za ta ci, me za ta kawo? Gudu ba ya kashe bashi, sai dai ya ƙara kunya. Sayar da amfanin gona tun yana tsaye kuwa mun san ƙarshensa, bashin bana ya haifi na baɗi. A ce ya zaɓi zuwa wurin kwamiti, da neman filin fadama. Nan ne mutane da yawa ke tsayawa, nan ne kuwa aikin yake. Dattijo zai tambaya: yaushe? Wa za ka fara gani? Me za ka ce? Har a kai ga magana irin wannan: "Ranar Alhamis bayan kasuwa zan je gidan ma'aji, zan gaya masa abin da nake iya biya a Disamba da abin da zai jira albasa. Kafin nan zan gaya wa mai ɗakina." A sa ranar dawowa. In ya dawo bai je ba, ba faɗa, sai a tambayi abin da ya hana, a rage matakin, ko dattijo ya raka shi. In ya je an ƙi, a koma ga sauran hanyoyin da aka tara.

Abin da ya fi wuya a nan ba ga mai damuwa yake ba, ga mai sauraro yake. Mu dattawa mun saba ba da shawara tun mutum bai rufe baki ba. Amma hanyar da mutum ya samo da kansa ita yake bi, ita ce kuma ke koya masa yadda zai yi da tsakuwa ta biyu ba tare da kowa ba.

Komawa cikin mutane

Mai damuwa yakan janye. Ya bar gayya, ya bar dara a gindin itace, ya bar taro domin kada ya haɗu da ma'aji. Da ya janye, tunani ya sami fili, jiki ya ƙara mutuwa, ya ƙara janyewa. Yakan ce, "Bari in ji daɗi tukuna, sa'an nan in fita." Amma abin a juye yake: fita ce ke fara zuwa, jin daɗi ya biyo baya. A fara da ƙarami. Yau a wasa fartanya. Gobe a nome kunya 5. Ranar Asabar a je koyon waƙa ko da ba a buɗe baki ba. Wajen barci kuwa, a rage goro da shayi da kofi daga la'asar, a kuma ajiye waya in an kwanta.

Ga mata, sau da yawa maganar dabam ce. Ba rashin aiki ke damunsu ba, yawansa ne: ruwa, itace, daka, goyo, gona, sa'an nan tuwon dare. Gaya wa irin wannan mace ta nemi abin yi ba'a ce. A ganinmu, ƙungiyar da ta sayi injin niƙa ko ta gyara rijiya ta yi maganin damuwa fiye da darasi 10 irin wannan. Maigidan da ya ce yara maza su ɗebo ruwa, shi ma ya ba da magani.

Waɗanda za su saurara

Ba kowane mai baki ne ke da kunne ba. A nemi wanda aka sani da riƙe magana, wanda ba ya cikin rigimar gari. Mata su sami mace, maza su sami namiji. Kada a zaɓi ma'aji ko wani mai karɓar bashi, kome kirkinsa, gama mutum ba ya buɗe cikinsa ga wanda ke binsa. Mai sauraro kada ya yi gaggawar cewa "sai haƙuri", domin kalmar nan takan rufe magana. Kada ya kawo labarin tasa wahala da ta fi wannan. Abin da aka faɗa a gindin itace ya tsaya nan, kada ya fito a taron kwamiti, kada kuma ya fito a roƙon addu'a da sunan mutum ba da izininsa ba. Mun ga inda aka yi haka da kyakkyawar niyya, mutumin bai ƙara buɗe baki ba.

Akwai kuma wata magana da ke ƙara wa mai ciwo ciwo, ita ce a ce masa ƙarancin bangaskiya ne ya sa yake damuwa. Ba ma faɗa wa mai zazzaɓi haka. Mukan yi masa addu'a, mu kuma kai shi asibiti. Mai yawan tunani ma haka ya cancanta.

Inda ƙarfin ƙungiya ya ƙare

In baƙin ciki ya wuce mako 2 kusan kullum, mutum ba ya jin daɗin kome, ba ya ci, ba ya iya aiki, to, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya. Haka mai jego da ke ta kuka, ko ta ƙi jaririnta. Haka wanda ke jin muryoyi ko yana magana ba kai. Ciwon ƙirji, ko shanyewar ɓarin jiki, ko karkacewar baki, waɗannan na gaggawa ne, ba na benci ba. Akwai magungunan baƙin ciki masu aiki, amma sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 ko fiye kafin a ji sauƙi, saboda haka kada a bari da wuri. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, manyan asibitocin koyarwa kuma suna da sashen wannan aiki. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba mai ciwo haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Sarƙa da bulala ba magani ba ne.

In mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko ya fara raba kayansa yana sallama, kada a ɗauka wasa ne. A tambaye shi kai tsaye, cikin taushi: "Ɗan'uwa, kana tunanin kashe kanka ne?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ya ce i, a nan riƙe asiri ya ƙare. Kada a bar shi shi kaɗai, a gaya wa na kusa da shi, a kai shi asibiti ranar nan.

Wannan ya shafe mu manoma fiye da kowa, domin guba tana ɗakunanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kamar ɗaya cikin 5 na masu kashe kansu a duniya, maganin ƙwari suke sha. Sau da yawa kuma cikin zafin rai ne na ɗan lokaci, bayan faɗa ko wani mugun labari, wanda da ya wuce mutum ba zai yi ba. Ƙasar Siri Lanka ta hana magungunan feshi mafi dafi, kashe kai kuwa ya ragu da kamar kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, amfanin gona bai faɗi ba. A can kuma aka gwada raba akwati mai makulli gida gida a ƙauyuka 180, sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna bai rage shan guba ba. Akwati yana gida, makulli ma yana gida, da yawa kuma sun daina kullewa. Shawararmu ita ce ƙungiya ta tambayi malamin gona maganin da ya fi ƙarancin dafi ga mutum, a sayi daidai bukata, ragowar kuwa ta kwana a sito na ƙungiya nesa da gidaje, makulli a hannun mutum biyu. In har wani ya sha, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti tare da kwalbar.

Aikin taro mai zuwa

A buɗe taro da numfashin nan, kowa da kowa, minti 2, ko da ana dariya. Sa'an nan mutum biyu su tashi su nuna yadda ake ajiye tsakuwa, da matsalar da aka ƙaga, ba ta wani da ke zaune ba. A zaɓi maza biyu da mata biyu masu sauraro, shugaba kuma ya je wurin ma'aikacin lafiya mafi kusa ya roƙe shi ya koya musu, ya kuma zo wata rana da abin awon jini. Magatakarda ya zo da littafin dokokin ƙungiya, a karanta sashen bashi da ƙarfi, a duba ko akwai hanyar da ɗan ƙungiya zai bi ya nemi a raba masa biya a shekarar fari ba tare da an kira sunansa a gaban jama'a ba. In babu, a rubuta ta kafin a raba takin baɗi.